Kafin Kududdufi Ya Cika

A ƙauyenmu na gefen Gafasa ba a yi wa kowa baftisma sai kududdufi ya cika. Ba wata doka ce aka rubuta ba, ƙasar ce ta koya mana haka. Kogi ba mu da shi, rijiyoyinmu kuwa kafin ka ja guga ɗaya ka jiƙe da gumi. Abin da muke da shi shi ne wani ƙaton rami a bayan gari, inda kakanni suka yi ta haƙar ƙasar gini. Da rani awaki ne ke yawo a cikinsa. In damina ta kankama sai ya tumbatsa, kwaɗi su cika gari da kuka. A lokacin ne Kawu yake ɗaukar gorarsa ya je bakin ruwa ya gwada. Akwai wata tsaga da ya yi wa gorar da wuƙa, daidai ƙirjin babban mutum. Ranar da ruwa ya taɓa tsagar nan, ranar yake aika wa fasto ya sa mana rana.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma shi ne mai bisharar ɗan cocinmu. Mu Kirista gidajenmu ba su da yawa a garin, sauran duk Musulmi ne, da su muke gayya, da su muke suna da biki. Cocin ɗaki ɗaya ne na ƙasa da rufin kwano, fasto kuma sai jefi-jefi yake zuwa daga birni a kan babur. Saboda haka komai a hannun Kawu yake, daga wa'azi da ajin baftisma har sulhun ma'aurata. Mutum ne mai gaskiya, ba ya cin na kowa, amma tunda na yi wayo ban taɓa jin kalmar rashin sani a bakinsa ba. Ko ranar saukar ruwa ka tambaye shi sai ya ba ka amsa, in bai sauka ba ya ce ai iska ce ta kore shi. In maƙwabta suka rufe zance da "Allah ne masani", sai ya dawo gida yana mita, wai ragwanci ne, Allah ya ba mutum Littafi don ya sani, ba don ya ɗaga kafaɗa ba.

Sai Allah ya haɗa shi da daidai shi, wato maigidana. Malamin firamare ne, aiki ya kawo shi Gaya daga wajen Zariya, kuma a Gayan muka zauna bayan aure. Shi a cocinsu tun yana jariri aka yayyafa masa ruwa a goshi, shi ke nan an gama. Ranar da Kawu ya ji haka, lokacin neman aurena, ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Wato kai, Malam, yayyafi aka yi maka, kamar rigar da za a goge." Maigidana ya sunkuyar da kai yana murmushi, don a ranar nema yake, ba shi da baki. Amma bai manta ba. Da aure ya zauna, wata rana ya ga gorar nan jingine a zaure, ya ɗaga ta ya ce, "Kawu, ni dai tambaya nake. Da wannan ake auna alherin Allah?"

Daga nan aka buɗe fage. Kusan kowace Lahadi mukan hau babur mu je ƙauye sujada, mu wuce gidan Inna, mahaifiyata, cin abinci. Ana gama tuwo za su shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, kowa ya buɗe Littafinsa. Kawu ya kawo kogin Urdun, ya ce Ubangiji Almasihu da kansa shiga ya yi ya fito, ba a kawo masa ruwa a moɗa ba. Maigidana ya kawo mai tsaron kurkukun da aka yi wa baftisma shi da iyalinsa duka, ya ce a nuna masa kududdufin da ke cikin kurkuku. Kawu ya ce baftisma binnewa ce tare da Almasihu, kuma ba a binne mutum da tsunkulen ƙasa. Maigidana ya ce wanki ne na Allah, kuma ba yawan ruwa ke wankewa ba, mai wankin ne. Haka za su yi ta yi har rana ta yi sanyi, a tashi ba wanda ya kayar da wani. Kawu ya ɗaura mana ƙullin kuka ko daddawa a bayan babur, ya ce mako mai zuwa zai ƙarasa shi.

Ni kuwa daɗi abin yake mini, ba zan ɓoye ba. Ina gefe ina ɓarar gyaɗa ina zuga su. In na ga Kawu ya fara laushi in jefa masa aya, in maigidana ya yi shiru in ce, "Au, Malam, har an gama da kai?" Wasa na ɗauke shi, irin na maza da dara. Ban san wata rana a kan uwata za a buga shi ba.

Inna ita ce ta ƙarshe a gidanmu da ta riƙe hanyar iyayenta. Bamagujiya ce ta gaske, ba a buɗe rumbu sai ta yi abin da ta gada. Kawu ya karɓi bishara tun yana saurayi, ya jawo mahaifina, ya jawo mu yara, amma yayarsa ta gagare shi. Shekara da shekaru yana yi mata wa'azi tana tankaɗenta. In ya gaji ta ce, "Ka gama? Ni na goya ka, ni na share maka majina. Ba kai za ka nuna mini Allah ba." Duk da haka ba ta taɓa hana mu zuwa coci ba, ita ce ma ke wanke mana kayan Lahadi. Aminiyarta kuma Hajiya ce, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, wadda ita ma ta yi nata kiran zuwa Musulunci har ta haƙura. Tare suke tuyar ƙuli-ƙuli, tare suke cin kasuwa, kuma ban taɓa jin addini ya shiga tsakaninsu ba.

Bayan rasuwar mahaifina da 'yan shekaru, wata Lahadi bayan kaka, muna tsakiyar waƙa sai ga Inna a ƙofar coci da 'yar kujerarta a hannu. Ta wuce ta zauna cikin mata kamar wadda ta saba zuwa. Saura kaɗan waƙar ta mutu a bakinmu. Da aka tashi Kawu ya bi ta da sauri.

"Yaya, wace maganar tawa ce ta shige ki?"

"Taka? Ko ɗaya. Kirana aka yi, na amsa."

Ya shiga tambaya, yaushe, ta yaya, a mafarki ne ko ido biyu. Ta ce ya sa ta a ajin baftisma ya ƙyale ta da tambaya. Har ta bar duniya ba wanda ya ji ƙarin bayani, har ni 'yarta, kuma Allah ya sani na yi naci.

Ta yi aji tare da 'yan mata sa'o'in jikokinta. Ba ta karatu, amma kanta kamar randa, abin da aka zuba yana nan. Kafin sanyi ya wuce ta gama, Kawu da bakinsa ya ce ta isa. Sai dai kududdufi ya riga ya ƙafe, ƙasansa ya tsattsage. Ba wanda ya damu, don lafiyarta ƙalau, tana daka tana zuwa itace, aka ce ai damina na nan tafe. Wata ranar kasuwar Gaya ta iso gidana ta ce in raka ta layin 'yan yadi. Ta taɓa wannan ta ajiye, ta murza wancan ta yatsina fuska, har mai shago ya fara duban titi. Daga ƙarshe ta zaɓi wani farin yadi mai kauri, ta sa aka yanko mata da yalwa, wai ba ta son zanen da zai manne mata a gaban maza in ta fito daga ruwa. Na ce ta kawo in yi mata kalmasa a keke, ta ce da hannunta za ta yi. Ta ninke shi ta ajiye a ƙasan kwallarta.

Da bazara ta shigo, zafin nan da ko kaza sai ta buɗe baki, ciwo ya kwantar da ita. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi. Muka kai ta asibiti, aka ba da magani, likita ya ja maigidana gefe ya yi masa maganar da ba sai an fassara mini ba. Inna ta ce a mayar da ita ɗakinta. Na tattara kayana na bi ta ƙauye.

A nan tsoro ya kama ni, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba. Tun muna yara Kawu yake ce mana wanda ya ba da gaskiya bai shiga ruwa ba kamar baƙo ne da ya tsaya a zaure, bai shiga gida ba. Maigidana kuma ya sha faɗa cewa baftisma hatimin Allah ne a kan mutum, barin mara lafiya ya tafi babu shi ba ƙaramin ganganci ba ne. A kan komai sun saɓa, amma a kan abin da zai tsinka mini zuciya bakinsu ɗaya. Kullum da safe in fito in dubi gabas, sama fes, ko alamar hadari babu. Matar da ta ƙi hanyar nan tsawon ranta, ta zo da ƙafarta a ƙarshe, a ce za ta tsaya a zaure don rami bai cika ba?

Aka yi shawarar kai ta kogin Wudil, inda ruwa ba ya ƙarewa. Aka kawo a-daidaita-sahu har ƙofar gida, muka gwada zaunar da ita, tun ba a tayar da inji ba numfashinta ya nemi ɗaukewa. Muka mayar da ita ɗaki. Maigidana ya ce to ga randa nan cike, a kira fasto a waya, moɗa ɗaya ta ishe ta. Fasto ya ce tsarin ikilisiyarmu nutsarwa ne, amma in mai bishara ya yarda zai zo ya yi. Magana ta dawo kan Kawu, Kawu kuwa ya ce a'a.

Suka koma gindin darbejiya, amma yau ba Littafi a buɗe, ba kuma dariya. Ina bakin murhu ina dama wa Inna kunu, ina jin su.

"Kawu, don Allah, wannan ba ranar gardama ba ce. A ce ni ne a kan kuskure, me za a rasa?"

"Gaskiya za a rasa, Malam. In na sa aka ɗiga mata ruwa na ce an yi, alhali a zuciyata ba a yi ba, na yaudari yayata a bakin kabari. So kake in raka ta da ƙarya?"

"To in kai ne a kan kuskure fa?"

"Ba na kan kuskure."

Ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Ban san lokacin da na buga ludayi da ƙasa ba, na tsaya a kansu. Na ce, "Ku tashi mini daga nan, ku duka! Uwata na ciki tana kokawa da numfashi, ku kuna nan kuna neman wanda zai ci gasa. Kai Kawu da gorarka, kai kuma Malam da moɗarka, wanne a cikinku ya taɓa zuwa can ya dawo?" Ban taɓa ɗaga wa Kawu murya ba sai ranar. Hajiya ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Ke 'yar nan, a hankali. Kawunki ne fa."

Sai muka ji muryar Inna daga ɗaki, ashe duk tana ji. Ta ce mu shigo mu uku. Ta sa na buɗe kwalla na ɗauko farin zanen na ɗora mata a ƙirji. Sai da ta huta kafin ta yi magana, tana yi tana tsayawa.

"Kai," ta ce da Kawu, "tun kana goye taurin kai gare ka. Ba yau zan sa ka yi abin da zuciyarka ta ƙi ba. Kai kuma Malam, Allah ya yi maka albarka, na san tausayina kake ji. Amma ba za a yi mini abu ƙanena yana jin ciwonsa ba."

Ta shafa zanen. "Wannan don tafiya wurin wanda ya kira ni na saya. In ruwa ya riga, in ɗaura in shiga. In kira ya riga, ku naɗe ni a ciki. Duk dai wurinsa za ni."

Na ce, "Inna, ba kya tsoro?"

"Tsoron me? Bayan kaka ya kira ni. Bai san kududdufi na ƙafewa ba ne? Ai shi ke riƙe da ruwan."

Da zan ce maganar nan ta kwantar mini da hankali a lokacin, da na yi ƙarya. Gani na yi kawai tana rufa wa ƙaninta asiri, kamar yadda ta saba tun suna yara.

Ta cika wata safiya da hantsi, kanta a cinyata. Hajiya ce ta fara shigowa, ta ɗora ruwa a wuta. Ni da matan coci muka yi mata wanka, Hajiya na bakin ƙofa tana miƙo mana ruwa. Ita ta auna farin zanen ta yaga, muka naɗe Inna a ciki, da kalmasar da ta yi da hannunta. Wani ɗan ƙyalle ya ragu, Hajiya ta ninke ta cusa mini a hannu ta ce, "Riƙe. Ba a yar da irin wannan." A can waje kuwa 'ya'yan Hajiya da samarin gari suna haƙa da diga, don ƙasar bazara ta yi tauri kamar dutse.

Kafin a ɗauke ta, Kawu da maigidana suka same ni a tsakar gida, wai za su ba ni haƙuri. Maigidana ya fara, ya tuna mini da ɓarawon nan da aka gicciye kusa da Ubangiji, wanda aka karɓa nan take ba ruwa ba komai. Kawu ya gyaɗa kai ya ce haka ne. Tunda nake da su, ranar ce farkon da na ga sun yarda da juna a kan aya ɗaya, kuma abin bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Na ce, "Ashe kun san da ɓarawon nan kuka bar ni ina duban sama kamar mahaukaciya? Kuma uwata ba ɓarauniya ba ce, ku nemo mini wani misalin." Na juya na bar su a tsaye.

A bakin kabari Kawu ya buɗe Littafi. Mu muna gaba, maƙwabta sun tsaya ta baya da tsohon limamin gari, wanda ya zo da sandarsa duk da zafin rana. Kawu ya duba shafin ya daɗe, sai ya rufe.

"Jama'a, kun san ni. Yayata ta nemi baftisma. Ruwa bai zo ba, aka ce a yi mata ta wata hanya, ni na hana. A kan abin da na fahimta na tsaya. Ko na yi daidai, ko na zalunce ta…" Ya dubi kabarin. "Ban sani ba. Jama'a, ban sani ba."

Can daga baya liman ya ce a hankali, "Allah ne masani." Na ɗaga kai, don na san yadda Kawu yake ƙin jin maganar nan. Ya juya ya dubi tsohon, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Gaskiyarka, Liman. Shi ne masani." Daga nan ya yi addu'a gajeriya, aka mayar da ƙasa.

Ba a daɗe ba ruwan farko ya sauka. Kowa na murna, ƙanshin ƙasa ya tashi, ni kuwa na tsaya a ƙofar ɗakina a Gaya ina faɗa da Allah. Na ce masa, "Sai yanzu ka ga dama?" Ban ji kunyar faɗa ba, don ciwon ya kai inda ya kai. Da kududdufi ya cika aka yi wa 'yan ajin su Inna baftisma, na ce ƙafata ba za ta je ba, kuma ban je ba. Addu'ata ta koma ta baki kawai. In mun je ƙauye Kawu da maigidana su gaisa cikin ladabi, su yi zancen taki da farashin gero, tabarmar gindin darbejiya kuwa ba a ƙara shimfiɗa ta ba. Ni da na kore su, ni ce na fi kowa jin shirun.

Bayan kaka sai ga Kawu a gidanmu a kan tsohon kekensa. Ya sha ruwa, ya dubi maigidana ya ce, "Malam, ba a fafe gora ranar tafiya. Ramin siminti zan gina a bayan coci, a riƙa cika shi ko da rani ne. Hannu nake nema."

Maigidana ya ce, "Ni da na ce moɗa ta isa?"

"Kai ɗin dai."

Haka suka kama aiki duk Asabar, Kawu na haƙa, maigidana na kwaɓa siminti da hannun da bai san komai ba sai alli. Ran nan na kai musu abinci, tun daga nesa nake jiyo muryoyi sama. Wai maigidana ya ce zurfin ya isa, Kawu ya ɗauko gora ya zura ya ce saura taƙi guda, daga nan aka koma kogin Urdun da kurkuku, kowa na nuna ɗan'uwansa da cebur. Na tsaya da kwano a ka ina dariya har da hawaye, dariyar da rabona da ita tun kafin Inna ta kwanta. Ba wanda ya sauya ra'ayi a cikinsu, har yau. Sai dai na lura Kawu ya koyi cewa "ni dai haka na fahimta", ko da yake in ya yi zafi yakan manta da ita.

A hanyar komawa gida ne, ina bayan babur, abin ya faɗo mini. Ni ma ashe gora nake nema. So nake a nuna mini tsaga a ce ga inda ruwan rahama ya kai, ga uwarki a ƙarƙashinta, in gani da idona in huta. Alhali yadda aka kira ta ma ban sani ba. Wa'azin Kawu na shekaru bai motsa ta ba, hujjojin maigidana ko sauraro ba ta yi, wani ne ya bi ta bayanmu duka ya yi mata magana a inda kunnenmu bai kai ba. In ban san ta wace ƙofa ya shigo wurinta ba, don me zan ɗaure kaina sai na san ta wace ƙofa ya shigar da ita wurinsa? Na dubi mutanen nan biyu da na yi ta jin haushinsu, ɗaya ya ƙi yi mata ƙarya, ɗaya ya ƙi barinta ta tafi hannu wofi. Kowa da irin tasa ƙaunar, kuma Inna ta riga ni ganin haka tana kwance. Ranar na yi addu'a ta gaske, kuma godiya ce ta fito.

Da bazara ta zagayo aka fara amfani da ramin. Wata tsohuwa ce daga wajen Kademi, surukar ɗaya daga cikin matan cocinmu, ta gama aji amma jiki ya ƙi, 'ya'yanta na tsoron ba za ta ga damina ba. Maigidana ne ya yi ta turo jarkoki a kura daga famfon tuƙa-tuƙa, yana haki yana mita, har ruwa ya taɓa tsagar gora. Aka ɗauko tsohuwar a kujera, mata na buga tulu suna waƙa, maƙwabta na leƙe ta kan danga, Hajiya a cikinsu. Fasto da Kawu suka riƙe ta suka nutsar suka ɗago, ta fito tana tari tana dariya da bakinta marar haƙora.

Ni ce a bakin ramin don tarbarta. Na kwance bakin zanena na ciro ɗan farin ƙyallen nan, na share mata fuska da shi. Kawu na fitowa daga ruwa idonsa ya faɗa a kai. Ya tsaya. Ya gane kalmasar.

"Na Yaya ne?"

"Nata ne, Kawu."

Ya miƙo hannu na ba shi. Ya riƙe shi jiƙe, ya daɗe yana kallo, sannan ya kifa fuskarsa a ciki. Da ya ɗago ya ce, "To, ya dai shiga ruwa."

Maigidana na gefe, rigarsa sharkaf da gumi. Na ga bakinsa na motsi, na harare shi, amma ina, hali zanen dutse. Ya ce a hankali, "Bai nutse ba fa, Kawu. Jiƙewa kawai ya yi."

Na zaci za a sake gardama. Sai Kawu ya fashe da dariya, hawaye na zuba, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yau dai na bar maka, Malam. Yau dai na bar maka."

Ƙyallen yana nan a ƙasan kwallar Inna, in za a yi baftisma nakan ɗauko shi. Har yau in aka tambaye ni wanne ke da gaskiya tsakanin Kawu da maigidana, nakan ce su je su tambaye su, in suna da yini guda na ɓatarwa. Yadda aka karɓi uwata kuwa, ban sani ba, kuma na daina jin tsoron faɗa. Na dai san wanda ya kira ta bayan kaka ya san kududdufi na ƙafewa, na kuma san da zanen da ta saya don zuwa wurinsa ta tafi.